Bayan cire ciwon dajin baki da wuya: tsokar ƙirji ta wadatar, ko sai an ɗauko ƙashin ƙafa?

Ƙaramin_Likita
Assalamu alaikum manyana. Tambayata a kan gyaran da ake yi ne bayan an yanke ciwon daji a baki, muƙamuƙi ko maƙogwaro. A littafi kusan komai ya koma faci cirarre, wato a yanko nama da jijiyoyinsa daga hannu, cinya ko ƙafa, a kawo wuya a ɗinke jijiya da jijiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A yawancin asibitocinmu kuwa tsokar ƙirji ake juyowa a toshe ramin. Shin ta wadatar da gaske, ko rashin kayan aiki ne ya sa muke cewa ta wadatar? Ga misali: namiji ɗan shekara 55, ciwo a ƙarƙashin harshe ya ci gaban muƙamuƙi, za a cire ƙashi kusan santimita 9 har da haɓa, daga nan a tura shi gashi, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura. Me za a sa masa?

Dattijon_Tiyata
Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya biyu ka haɗa, bari in fara da ta farko.

Facin ƙirji ba abin rainawa ba ne. Tun da Ariyan ya bayyana shi a 1979 ake aiki da shi, kuma har a manyan cibiyoyi shi ake komawa wa idan cirarren ya mutu. Jininsa daga reshen ƙirji na jijiyar torako-akromiyal yake zuwa, wadda ke kwance a ƙarƙashin tsokar. Ka ja layi daga ƙarshen kafaɗa zuwa ƙahon zuciya, ka sauko da wani daga tsakiyar ƙashin wuyan nan da ke kwance saman ƙirji har su haɗu, a nan jijiyar take bi. Fatar da za ka ɗauka ta zauna a kan tsoka, ta ciki da kan nono. Duk abin da ya zarce ƙarshen tsokar ya hau kan ciki, jininsa ba tabbas, shi ne yake fara baƙi.

Abu uku ke kashe shi. Na farko rashin ɗinke gefen fata da tsoka tun kafin a ɗaga, sai fatar ta zame ta tsinke ƙananan jijiyoyin da ke shigarta. Na biyu matsattsiyar hanya a saman ƙashin wuya: in yatsu huɗu ba su shiga a sake ba, a ƙara buɗewa. Na uku ja, wato a tilasta masa ya kai inda tsawonsa bai kai ba. Mutuwarsa gaba ɗaya ba ta cika faruwa ba, amma mutuwar baki-baki da ɓallewar ɗinki suna da yawa, musamman ga mata da masu ƙiba, saboda kitsen da ke tsakanin fata da tsoka.

A misalin da ka kawo kuwa, shi kaɗai bai isa ba.

MaiMadubi
Ranka ya daɗe ka faɗi gaskiya, kuma ina so in tsaya a kan jimlarka ta ƙarshe, don nan ne ake cutar marasa lafiya.

Gaban muƙamuƙi ba kamar gefensa ba ne. A nan tsokokin da ke riƙe harshe da maƙogwaro suke maƙale. Ka cire shi ba ka mayar da ƙashi ba, harshe ya faɗa baya, leɓen ƙasa ya zube, yawu ya yi ta dalala, mutum ba ya iya rufe baki, wani ma ba za a taɓa cire masa bututun numfashi ba. In ka sa ƙarfen titaniyom kaɗai ka naɗe shi da tsokar ƙirji, nauyin tsokar yana jan komai ƙasa, gashi ya zo ya ƙanƙance naman, ƙarfen ya huda fatar haɓa ya fito. A gefe, ga tsoho marar haƙora, ana iya yin ƙarfe da tsoka, ko ma a bar ƙashin ba a haɗa ba a toshe da nama kawai, ya rayu yana cin abinci mai laushi. A gaba kuwa ƙashi mai jini ake buƙata.

Fibula, wato siririn ƙashin ƙwauri, ita ce amsar misalinka. Taylor ya fara dasa ta a 1975, Hidalgo ya kawo ta muƙamuƙi a 1989. Tana ba da har kusan santimita 25, jijiyarta feroniyal mai kauri ce, kuma ana iya karya ta gida-gida ba ta mutu ba, saboda jinin da ke bi ta fatar ƙashin. Ga santimita 9 a gaba, yanka biyu ne, gida uku. Kada gida ya gaza santimita 2.

Tsarin aikin: a lanƙwasa ƙarfen a kan muƙamuƙin tun kafin a yanke shi, a huda, a sa aƙalla sukuru uku kowane gefe, a cire a ajiye. Haka haƙoran da suka rage za su koma cizo daidai. In ciwon ya kumburo ta waje har ba a iya kwantar da ƙarfen a kai, sai a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya su zama ma'auni. A ƙafa kuma, a yi yanke-yanken a daidaita siffar tun jijiyar tana haɗe, don a rage lokacin da ƙashin zai zauna ba jini. Daga yanke jijiya zuwa sakin jini a wuya, a yi ƙoƙari kada a wuce awa 3 zuwa 4.

Bashir_Ortho
Ƙarin bayani daga ɓangaren ƙafa. A bar santimita 6 zuwa 8 a ƙasa don idon sawu kada ya yi lako-lako, a bar kamar haka a sama saboda jijiyar motsi da ke zagaye wuyan ƙashin. Aka taɓa ta, ƙafa za ta riƙa ja a ƙasa. Ɗaurin tsayar da jini a cinya kada ya wuce awa 2. Idan faɗin fatar da aka ɗauka ya haura santimita 4, kada a ja a rufe da ƙarfi, a sa dashen fata. Rufewa da tsiya na matse tsokoki har su mutu. Sannan a fara motsa babban yatsa da wuri, don tsokar da ke lanƙwasa shi tana yawan ƙagewa ya tanƙware.

Ummu_Hanif
Ni ɗaliba ce, a yi mini afuwa. Gwajin Allen ne ake yi kafin a ɗauki fibula?

MaiMadubi
A'a ƙanwata, Allen na hannu ne, gwajin da ake danne jijiyoyin wuyan hannu a ga ko ɗaya kaɗai za ta iya ciyar da tafin. A ƙafa abin da ake tsoro shi ne mutumin da feroniyal ce babbar jijiyar da ke ciyar da tafin ƙafarsa, ko wanda sauran biyun suka toshe saboda taba ko ciwon suga. Ka ɗauke ta, ƙafa na cikin haɗari. A taɓa bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa, a bi jijiyoyin uku da dofla, wato na'urar sauraron gudun jini, in akwai hali a yi hoton jijiyoyi na CT. Bugun da ba ka gamsu da shi ba, kada ka yanka.

Haƙori32
Yallaɓai MaiMadubi, akwai abin da ba ka ambata ba. Tsayin fibula bai wuce milimita 13 zuwa 15 ba, muƙamuƙin mai haƙora kuwa ya ninka haka. Idan aka jera ta da gindin muƙamuƙi, fuska ta yi kyau daga waje, amma tazara tsakaninta da haƙoran sama ta yi yawa, haƙoran roba ba sa zama, leɓe kuma yana faɗawa ciki. Ko dai a ninka ta biyu, ko a ɗaga ta sama kaɗan da gindin. Wannan shawara da likitan haƙori ake yanke ta kafin a shiga tiyata, ba bayan wata shida ba.

Likita_Sani
Ni ina da ja. A nan Arewa ana cire muƙamuƙi da yawa saboda ameloblastoma, wani ƙari na muƙamuƙi da ba ya yaɗuwa kamar daji, a ɗebo ƙashin ƙugu ko haƙarƙari a dasa ba tare da ɗinke wata jijiya ba, kuma yana kamawa. Me zai hana a yi wa wannan mutumin haka? Ya fi sauƙi, ya fi arha, kowace tiyata za ta iya.

Onko_Gashi
Likita Sani, bambancin shi ne gashi. Ameloblastoma ba a gasa ta, naman da ke kewaye lafiyayye ne, shi ke tura ƙananan jijiyoyi cikin ƙashin a hankali har ya rayu. Ko a can ma, da zarar giɓin ya haura santimita 6 kamawar tana raguwa. Mai ciwon daji kuwa an kwashe masa naman cikin baki, yawu na iya shiga, kuma kafin ƙashin ya samu jini za mu fara ba shi gire (ma'aunin yawan gashi) 60 zuwa 66. Ƙashin zai narke ko ya yi mugunya a cire shi.

Tunda na shigo, ga abin da nake roƙon masu tiyata su riƙe. Gashin bayan tiyata ana so a fara shi cikin mako 6. Gire 2 a rana, kwana biyar a mako, zama 30 zuwa 33. Idan gefen yanka bai fita tsaf ba, ko ciwon ya fasa jikin kaluluwa, a haɗa da maganin ciwon daji sisfilatin. Duk gyaran da zai bar rauni a buɗe har wata uku ya cinye wa mutum damarsa, komai kyawunsa. Saboda haka a wurina gyaran da ya fi shi ne wanda ya warke a kan lokaci. Kuma a nema masa layin gashi tun ranar da aka sa ranar tiyata, ko Zariya za shi, ko Sakkwato, ko Abuja. Kada a jira sai an sallame shi.

Dattijon_Tiyata
Maganar Onko ita ce hujjar masu facin ƙirji. Faci cirarre a ƙwararriyar cibiya yana rayuwa fiye da kashi 95 cikin 100. Amma wannan lissafin na inda ake yi kowane mako ne, da tawaga biyu, da tiyatar da za a iya buɗewa ƙarfe biyun dare, da jini a ajiye. Inda babu waɗannan, fibula da ta mutu ta fi facin ƙirji mai rai sharri nesa ba kusa ba.

Sista_Rabi
Baba Dattijo ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ɗinkin jijiya aikin awa ɗaya ne ko biyu, tsaronsa kuwa kwana biyar ne, kuma a hannunmu yake.

Awa 72 na farko su ne masu haɗari. Dubawa kowace awa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sannan kowace awa biyu, sannan kowace awa huɗu. Jijiyar mayar da jini ta fi ta kawo jini yawan toshewa. In ta mayarwa ce, facin zai kumbura, ya yi tauri, gefensa ya riƙa tsiyayar baƙin jini. In ta kawowa ce, zai yi sanyi, ya saki, ya yi fayau.

Littattafai suna cewa a duba launi, a danna a ga dawowar jini. A baƙar fata wannan ba ya aiki sosai, balle a cikin baki da tocila cikin dare. Abin dogaro shi ne allura: a soka siririyar allura a tsakiyar facin. Jan jini mai haske ya fito bayan daƙiƙa kaɗan, lafiya. Baƙin jini ya tsarto nan take, ta mayarwa ta toshe. Ba abin da ya fito, ta kawowa ce. Likita ya sa ɗinki ɗaya a inda ake jin dofla tun a tiyata, don kowa ya saurara a wuri guda. A kula, dofla na iya ci gaba da bugawa awanni bayan ta mayarwa ta toshe, don haka jin ƙara ba ya wanke facin da ya kumbura.

Sauran ƙa'idojin: ba igiya a wuya ko kaɗan, bututun numfashi a ɗinke shi da fata. Robar abin rufe fuska na iskar oksijin ma kada ta zagaya wuya. Kai a miƙe, ba juyawa gefe, a ɗaga gado kamar digiri 30, ba matashi mai tudu. Jijiyar nan kamar tiyon ruwa ce, lanƙwasa kaɗan ta isa ta tsayar da ita. Wuya ya kumbura ko robar zuƙe jini ta daina ja farat ɗaya, a kira likita, gudan jini ne yake danne ta. Kuma a koya wa masu jinya wannan, don su ne za su gyara masa kwanciya da kyakkyawar niyya.

MaiMadubi
Allah ya saka da alheri Sista. In an yi shakka, tiyata za a koma, ba jira a ga safiya ba. Wanda aka koma da shi cikin 'yan awanni ana yawan ceto shi. Wanda ya kwana a toshe, da wuya.

Ummu_Hanif
Na ji ana sa matsattsaku. Gaskiya ne?

Sista_Rabi
Gaskiya ne, amma na asibiti ne da ake kiwo musamman, ba na kududdufi ba. Suna rage cunkoson jini a ƙaramin faci kamar na kunne, hanci ko leɓe, inda babu jijiyar da za a gyara. Suna ɗauke da ƙwayar Aeromonas a cikinsu, dole a ba da maganin kashe ta, sifrofuloksasin, kuma a riƙa auna jini don yana zuba sosai. Ba sa maye gurbin komawa tiyata, kuma a cikin baki akwai haɗarin su gangara maƙoshi.

MaiSaBarci
Daga kan gadon tiyata: aikin nan awa 8 zuwa 12 ne. Sanyi maƙiyi ne, yana tsuke jijiyoyi, a dumama majiyyaci da ruwan da ake ƙara masa. Kada a cika shi da ruwa don tsoron maganin ɗaga hawan jini. Ruwa mai yawa na kumbura facin da huhu, ƙaramin noradrenalin ya fi masa sauƙi. Fitsari mililita 0.5 zuwa 1 a kowane kilo a awa ya isa. Kaurin jini a riƙe shi wajen kashi 30 cikin 100. A duba jinotayif, mai sikila lamarinsa daban ne, musamman da ɗaurin cinya. Hannun da za a ɗauki faci a rubuta a jikinsa tun a ɗaki, kada wani ya sa masa allurar ruwa ya lalata jijiyar sefalik, wadda za ta mayar da jinin facin.

Kuma a gaya mana gaskiyar buɗewar bakinsa. Wanda bakinsa ya ƙage, ko ciwon ya cika gindin harshe, a yi masa hudar wuya yana farke ya fi a sa shi barci a rasa hanyar iska.

Malama_Hadiza_Magana
Ana ta zancen ƙashi, harshen fa? A misalin Ƙaramin Likita ciwon a ƙarƙashin harshe yake. Idan aka ɗinke ragowar harshe da fatar fibula a matse, ƙashi ya yi kyau a hoto amma harshe ya ɗaure, ba ya taɓa ganɗa, ba magana ba haɗiya. A bar masa sarari ya motsa.

Ƙa'idar da muke gani tana aiki: in abin da aka cire bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, a ɗinke kai tsaye. In rabi ne, faci marar kauri mai laushi ake so, wanda ba zai hana ragowar motsi ba, a nan facin gaban hannu ya fi. In kusan duka ne, tudu ake so, wanda zai taɓa ganɗa ya tura abinci baya, sai facin cinya. A yi shi ya ɗan fi ramin girma, don gashi zai rage shi. Tsokar ƙirji a harshe tana toshe rami, amma tana jan sa ƙasa, kuma ga namiji mai gashin ƙirji, zai tsiro masa a cikin baki har sai an gasa wurin.

Atisayen buɗe baki a fara shi da zarar ɗinki ya kama, a ci gaba har cikin gashi da bayansa. Ƙasa da milimita 35 tsakanin haƙoran gaba ƙagewa ce. Katakon danne harshe da ake jerawa ana ƙara ɗaya-ɗaya ya wadatar, in dai ana yi sau da yawa kullum.

MaiMadubi
Haka ne Malama. Facin gaban hannu daga Sin ya fito, Yang da abokan aikinsa suka wallafa shi a 1981, Soutar ya shigar da shi baki a 1983. Ga wanda zai fara aikin madubi shi ya fi sauƙi: jijiya doguwa, mai faɗi, ba ta canza hanya. Gwajin Allen dole ne, kuma a sa na'urar auna oksijin a babban yatsa yayin da aka danne radiyal, ya fi dogaro da ido. Matsalarsa a wurin da aka ɗauka ne. In aka kware siririn mayafin da ke kan agara, dashen fata ba ya kamawa, agara ta bayyana. A bar mayafin, a sa filasta kwana 5 zuwa 7.

Facin cinya kuwa, wanda Song ya bayyana a 1984 kuma cibiyar Chang Gung ta Taiwan ta yaɗa, ana ja masa layi daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa gefen waje na ƙoƙon gwiwa. A tsakiyar layin, cikin da'irar santimita 3, ake samun jijiyar da ke hudowa fata. In faɗinsa bai wuce santimita 8 ba, cinya na rufuwa kai tsaye. Wahalarsa ita ce mafi yawan lokaci jijiyar ta cikin tsoka take bi, sai an bi ta a hankali ana ɗaure rassa.

Likita_Sani
To, ga wanda ba shi da madubi, tsakanin tsokar ƙirji mai kauri da facin hannu babu wani abu ke nan?

Dr_Maryam_ENT
Akwai. Facin saman kafaɗa siriri ne, ba gashi, launinsa ya yi kusa da na fuska, kuma ba ya buƙatar ɗinkin jijiya. Jijiyarsa tana fitowa a kusurwar da ke tsakanin bayan babbar tsokar wuya, jugula ta waje (jijiyar mayar da jini ta gefen wuya) da ƙashin wuya. Faɗin santimita 6 zuwa 7 na rufuwa. Sharaɗi: a lokacin kwashe kaluluwa kada a ɗaure jijiyar da ke gicciye a gindin wuya, ita ce uwarsa. Ƙarshensa ne ke yawan mutuwa in an zarce da shi can ƙasan kafaɗa. Akwai na gefen hanci don ƙananan ramuka a gaban baki, akwai kuma na ƙarƙashin haɓa da Martin ya kawo a 1993.

Dattijon_Tiyata
Na ƙarƙashin haɓa ban yarda da shi ba a ciwon ƙasan baki. Kaluluwar farko da ciwon ke sauka a cikin naman nan take. Ka ɗauko shi ka mayar cikin baki, kana iya dasa ciwon da hannunka.

Dr_Maryam_ENT
Ranka ya daɗe, in wuya ba kaluluwa a hannu da a hoto, kuma aka tsabtace kewayen jijiyar da kyau, akwai masu yi da sakamako mai kyau.

Dattijon_Tiyata
Hajiya, marasa lafiyarmu nawa ne ke zuwa wuya ba kaluluwa? Yawanci sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu. Ga waɗannan, a'a.

Abin da zan ƙara wa matasa: lokacin ɗaga tsokar ƙirji, kada yankanku ya ratsa fatar saman ƙirji. A nan facin Bakamjian na 1965 yake, wanda ke shan jini daga tsakanin haƙarƙari na biyu, na uku da na huɗu. Shi ne ajiyarku in komai ya lalace. Masu gyaran fuskar yaran da cutar noma mai cin fuska ta ci, irin aikin da ake yi a asibitin noma na Sakkwato, sun san darajarsa.

Haƙori32
Kafin a wuce, ƙashin sama daban ne. Ba kowane ramin ganɗa ne sai an toshe da nama ba. Marufin roba yana raba baki da hanci, mutum ya yi magana ya sha ruwa tun makon farko, kuma ana cire shi a leƙa ko ciwo ya dawo. Mataki uku ne: wanda ake sawa a tiyata, a auna shi tun kafin ranar, ya zauna kwana 7 zuwa 10, na wucin gadi da ake ta gyarawa yayin da ramin ke tsukewa, sai na dindindin bayan wata 3 zuwa 6. Yana zama da kyau in an bar haƙora a ɗaya gefen, musamman fiƙa. In an cire fiye da rabin ganɗa, ko ƙasan kwarmin ido ya tafi, roba ba ta riƙe ido, sai an gina.

Ruɓaɓɓun haƙora kuma a cire su a tiyata ɗaya da ciwon, ko aƙalla kwana 10 zuwa 14 kafin gashi. Cire haƙori a muƙamuƙin da aka riga aka gasa na daga cikin manyan hanyoyin mutuwar ƙashi, kuma wannan ma ƙarshenta fibula ce.

Onko_Gashi
Wannan gaskiya ne. Ga wanda aka taɓa gasawa ciwon ya dawo, a auna masa sinadarin tayirod kafin tiyata. Gashin wuya na kashe tayirod, ƙulliyar gaban wuya da ke fitar da shi, a hankali, kuma in ta yi ƙasa rauni ba ya warkewa.

Dr_Maryam_ENT
A nan ne ma tsokar ƙirji ta fi amfani, Ƙaramin Likita. Bayan cire maƙogwaro ga wanda aka gasa, ɗinkin maƙoshi na yawan ɓallewa yawu ya huda fata. Yawun nan in ya kwanta a kan babbar jijiyar wuya yana iya fasa ta. Shimfiɗa tsokar ƙirji, ko ba fata, a kan ɗinkin da jijiyar yana rage wannan. Wanda ba a gasa ba ana fara ba shi ruwa ta baki kwana 7 zuwa 10, wanda aka gasa a jira mako 2 zuwa 3, robar hanci na ciki. In duk zagayen maƙoshi aka cire, sai a naɗe facin cinya ko na hannu ya zama bututu, ko a ɗauko yankin hanji. Hanji ba ya jure rashin jini kamar ƙashi, sai an yi sauri.

Malama_Hadiza_Magana
Kuma a tattauna murya kafin a cire. Bawul ɗin Singer da Blom na 1980, ɗan bututun da ake sawa tsakanin hanyar iska da ta abinci, ya fi ba da murya, amma sai an sauya shi duk bayan 'yan watanni saboda fungus na cinye shi ya fara yoyo. Wanda ke ƙauye mai nisa, yoyon nan ruwa ne ke shiga huhu. Gara a koya masa magana da iskar maƙoshi ko a samo masa na'urar da ake dannawa a wuya. A koya masa rufe ramin wuya da ƙyalle mai ɗanshi lokacin hunturu, da yadda zai yi wanka ruwa bai shiga ba.

Aminu_Fata
Wani ɓangare da ba a taɓo ba: zabiya. Rana na jawo musu ciwon dajin fata a hanci, kunne, leɓe da goshi tun suna matasa. Hanci sai an gina shi hawa uku: shimfiɗar ciki, guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari, sannan facin goshi. Jijiyarsa na nan kusan santimita 2 daga tsakiyar goshi, gindin facin santimita 1.2 zuwa 1.5, a raba bayan mako 3. Wanda ya tsallake shimfiɗar ciki, hancin zai tsuke ya toshe. Matsalar zabiya ita ce goshin ma rana ta ɓata shi, a duba da kyau kada a dasa fata mai ciwo. Leɓe kuma, kashi ɗaya cikin uku a ɗinke kai tsaye, a daidaita layin jan leɓe tukuna don ko milimita 1 ana gani. Sama da haka a aro daga ɗaya leɓen, faɗin rabin giɓin, ko a yi Karapandzic, wato a juyo ragowar leɓen daga gefuna biyu a haɗa, a san cewa baki zai tsuke.

Ƙaramin_Likita
Na gode ƙwarai manyana. In na fahimta, a misalina fibula ce. To in asibitin ba ya yi, kuma mutumin ba shi da halin tafiya inda ake yi?

MaiMadubi
A fara ƙoƙarin tura shi tukuna, da gaske, da waya likita zuwa likita, ba takarda kawai ba. Kuma ba sai madubi mai tsada ba: jijiyoyin fibula da na hannu suna ɗinkuwa da tabarau mai ƙara girma da zaren 8-0 ko 9-0. Abin da ya fi ƙaranci shi ne horo da masu tsaron dare.

Dattijon_Tiyata
In tura shi zai ci wata biyu, ciwon ba zai jira ba. A yi yankan da santimita 1 na lafiyayyen nama ta kowane gefe, kada a rage yanka don ramin ya yi sauƙin toshewa. A sa ƙarfe mai kauri, a ja shi baya kaɗan kada haɓa ta yi tsini ta matse fata, a naɗe shi gaba ɗaya da tsoka, a rataye gindin harshe da ƙashin maƙogwaro a jikin ƙarfen da zare marar narkewa. A gaya wa shi da iyalinsa tun farko cewa ƙarfen na iya fitowa, kuma za a iya buƙatar tiyata ta biyu.

MaiMadubi
Ranka ya daɗe, tiyata ta biyun nan a gasasshen wuya ake yin ta, jijiyoyin sun yi tauri, wasu an ɗaure su. In har za a bi hanyarka, a bar mana jijiyar fuska da ta saman tayirod da tsawonsu, a bar jugula ta waje, a rubuta a takardar tiyata gefen da aka bari.

Sista_Rabi
Kowace hanya aka bi, a auna nauyinsa yau. Mai irin wannan ciwon ya yi watanni yana shan kunu kaɗai. A sa robar hanci a fara ciyar da shi mako ɗaya zuwa biyu kafin tiyata, madara, ƙwai, waken suya da gyaɗa a niƙe a tace, a fara kaɗan-kaɗan ana duba gishirin jini, don wanda ya daɗe da yunwa ciyarwa da yawa farat ɗaya na iya kayar da shi. Taba kuma ya ajiye tun yanzu. Ƙaramin Likita, nawa ne albumin ɗinsa, wato furotin ɗin jini, kuma yatsu nawa bakinsa ke buɗewa?